Rini, Haske da Iska: Tarihin Maganin Funfunar Baki ga Masu Haƙoran Roba

Gabatarwa

Idan tsufa ko ciwo ya raba mutum da haƙoransa, likitan haƙori kan ƙera masa waɗansu na roba, a jera su bisa wani faranti mai launin dasashi wanda ke manne wa ganɗa. Wannan ƙira ta bambanta da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi, domin shi ado ne da ake lulluɓa wa haƙori guda, su kuwa haƙoran roba madadi ne na waɗanda suka zube, ana sa su ana cire su. Da su ne dattijo ke komawa ga taunar nama, ya kuma yi magana cikin taro ba tare da ya kare bakinsa da hannu ba. Sai dai a ƙarƙashin farantin nan akwai wani ciwo da ya daɗe yana bin masu sanya shi. Ganɗar kan yi ja wur daidai iyakar inda farantin ya rufe, wani lokaci da raɗaɗi ko tsagewar gefen baki, sau da yawa kuma ba tare da wani zafi ba, har mai ita ya shekara bai sani ba. Binciken da aka tattara daga ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa ciwon na kama daga kashi 15 zuwa fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu haƙoran roba, gwargwadon jama'ar da aka duba.

Daga cikin hanyoyin da ake gwadawa don magance shi akwai wata mai ban mamaki: a shafa rini a baki, a haska shi da fitila. Mai jin wannan a karon farko zai ɗauka ƙirƙirar jiya ce. Alhali kuwa ta haura shekara ɗari, an gano ta, an yi watsi da ita, sannan larura ta sa aka koma nemanta. Wannan maƙala ta bi sawun wannan tafiya ne, domin a cikinta ake ganin abin da haske ke iya yi da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Yadda funfuna ta sami gida

Matsalar ƙazantar haƙoran aro ta girmi roba. A ƙarni na 18, lokacin da Pierre Fauchard ya buga littafinsa na aikin haƙori a Paris a 1728, ana sassaƙa haƙoran ne da hauren giwa ko haƙorin dorina ko ƙashi. Waɗannan abubuwa suna tsotse yawu da ragowar abinci, su canja launi, su yi wari. Wannan wari ne ya dami wani mai haɗa magunguna na Faransa, Alexis Duchâteau, har ya sa aka yi masa haƙoran tangaran a 1774, aikin da likitan haƙori Nicolas Dubois de Chémant ya inganta daga baya. A shekarun 1850 aka shiga amfani da ƙwaƙƙwarar robar da gidan Goodyear ya samar a Amurka, abin da ya karya farashi har talaka ma ya iya mallakar haƙoran aro. Daga 1936 zuwa 1937 kuma aka fito da robar akirilik, wadda har yau ita ce aka fi yin farantin da ita.

Da masu sanya haƙoran suka yawaita, sai jan ganɗa ya yawaita, aka shiga neman mai laifi. A zamanin tsohuwar roba an zargi jan launin da ake zuba mata, wanda ke ɗauke da sinadarin makuri. A zamanin akirilik an ce jiki ne ba ya jituwa da sabuwar robar. Waɗansu kuma suka ɗora laifin a kan farantin da bai zauna daidai ba yana gugar nama.

Shi kuwa babban mai laifin, likitoci sun riga sun san shi ta wata hanya. Farin nan da ke fitowa a harshen jarirai, wanda Faransawa ke kira muguet, an daɗe da saninsa tun zamanin Girkawa. A 1839 Bernhard Langenbeck na Jamus ya ga funfuna a irin wannan fari a bakin wani majinyaci, Fredrik Berg na Suwidin da David Gruby na Paris suka tabbatar a farkon shekarun 1840 cewa ita ce sanadinsa. Charles Robin ya raɗa mata suna Oidium albicans a 1853, sannan a 1923 wata masaniya ƴar ƙasar Holan, Christine Berkhout, ta sanya wa dangin sunan Candida, daga farar rigar da masu neman muƙami ke sawa a tsohuwar Roma. Ƙwaya ce dangin yisti, tana zaune lami lafiya a bakin mutane da yawa, ba ta zama cuta sai ta sami sarari.

A 1936 wani likita Ba'amurke, L. R. Cahn, ya danganta jan ganɗar masu haƙoran roba da wannan funfuna. A 1962 A. V. Newton na Ingila ya kasa ciwon gida uku: ɗigo-ɗigon ja, jan da ya game ganɗa, da wanda naman ke yin ƙurarraji. Amma binciken da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi shi ne na J. C. Davenport a 1970, wanda ya nuna cewa funfunar ta fi yawa a jikin farantin fiye da a jikin ganɗar. Dalili kuwa a fili yake. Fuskar farantin da ke manne wa nama ba a goge ta ta yi santsi, tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Can ciki akwai ɗumi da laima, yawu ba ya ratsawa balle ya wanke, ƙwayoyin kuma sukan haɗu da bakteriya su gina wa kansu wani yauƙi mai kauri da ke kare su. Ciwon sukari, bushewar baki, shan taba, raunin garkuwar jiki da kwana da haƙoran a baki, duk suna ƙara buɗe mata ƙofa.

Daga ranar Masar zuwa fitilar Finsen

Haɗa tsiro da rana don neman waraka tsohon ilimi ne. A Masar da Indiya an daɗe ana ba masu cutar nan da ke sa fata ta yi fari tabo-tabo ƙwayar waɗansu tsirrai, sannan a zaunar da su a rana. Ibn al-Baitar, masanin tsirrai ɗan Andalus wanda ya rasu a 1248, ya bayyana wannan magani a littafinsa. A ƙarshen shekarun 1940 masana a Alƙahira suka tace sinadarin da ke aikin daga tsiron da ake kira Ammi majus. Tsarin dai guda ne: sinadarin shi kaɗai ba ya wadatarwa, rana ita kaɗai ma haka, sai sun haɗu.

A Turai, Arthur Downes da Thomas Blunt sun nuna a Ingila a 1877 cewa hasken rana na hana bakteriya hayayyafa. Wanda ya mai da wannan sani aikin asibiti shi ne Niels Finsen, haifaffen tsibiran Faro a 1860. A cibiyar da aka buɗe masa a Kopenhagen a 1896, ya riƙa tattara hasken fitila mai ƙarfi ta cikin gilasai yana ɗora shi a kan gyambon tarin fuka na fata, cutar da ke cinye hanci da kumatu, wadda a lokacin ba ta da magani. Ɗaruruwan majinyata sun warke. An ba shi kyautar Nobel a 1903, rashin lafiya ya hana shi zuwa karɓa, ya rasu a 1904 yana da shekara 43.

A daidai wannan lokaci, a birnin Munich na Jamus, wani ɗalibin likitanci mai suna Oscar Raab na gwada wani rini da ake kira akiridin a kan ƙananan halittun ruwa, a ɗakin binciken malaminsa Hermann von Tappeiner. Ya zuba ma'auni iri ɗaya sau biyu, a wani karon halittun suka mutu da wuri, a wani kuma suka daɗe. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne ranar da aka yi hadari mai ƙarfi, hasken ɗakin ya bambanta da na ɗayar ranar. Ya sake gwaji cikin duhu da cikin haske, ya tabbatar cewa rinin ba ya zama guba mai tsanani sai haske ya same shi. An buga sakamakon a 1900. A 1903 von Tappeiner da likitan fata Albert Jesionek suka shafa rinin eyosin a kan sankarar fata suka haska. A 1904 shi da Albert Jodlbauer suka gano sharaɗi na uku, wato iskar oksijin, wadda idan babu ita aikin ba ya yiwuwa, suka kuma raɗa wa abin sunan da ake amfani da shi har yau, fotodinamik, ma'ana aikin da haske ke motsawa.

Haɗarin abin ma ya bayyana tun da wuri. Wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na hematoforfirin, wani sinadari da ake samu daga jini, sannan ya shiga rana. A rahoton da ya buga a 1913 ya nuna yadda fuskarsa da hannunsa suka kumbura, ya kuma shafe fiye da wata biyu fatarsa ba ta jure rana.

Akwai wani ƙarin bayani da bai zo ba sai bayan shekara ɗari. A 2005 masu bincike a Danmark suka auna gilasan da Finsen ya bari, suka kai ga ra'ayin cewa mai yiwuwa fitilarsa ta yi aiki ne ta hanyar sinadarin forfirin da ƙwayar tarin fuka ke ɗauke da shi a jikinta. Idan haka ne, Finsen da Raab abu guda suka taɓa, kowa daga nasa gefen.

Shekarun mantuwa

Abin da ya danne wannan ilimi shi ne nasarar ƙwayoyin magani. Bayan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka kuma fara sarrafa shi da yawa a shekarun 1940, sai likitoci suka daina ganin amfanin zaunar da majinyaci sa'o'i gaban fitila. Fenisilin dai ba ya kashe funfuna, hasali ma magungunan irinsa na ba ta sarari idan suka share bakteriyar da ke gasa da ita. Maganinta ya zo ne daga hannun mata biyu ma'aikatan sashen lafiya na jihar New York, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, waɗanda suka sanar a 1950 cewa sun tace wani sinadari daga ƙwayar da aka samo cikin ƙasar wata gona a Virginia. Sun kira shi nistatin don girmama jihar tasu. Daga baya aka sami mikonazol, sannan fulukonazol a ƙarshen shekarun 1980.

Magungunan nan suna aiki, ganɗa takan koma launinta cikin mako biyu ko makamancin haka. Amma sau da yawa, ba a daɗe da daina magani ba sai jan ya dawo. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin ƙwayoyin da suka ɓuya cikin ramukan farantin, a ƙarƙashin yauƙin da suka gina, magani ba ya kai musu da ƙarfi, kuma yawu na wanke shi da sauri. Ga ɗanɗanon nistatin mara daɗi, ga wahalar tuna kurkura baki sau huɗu a yini ga dattijon da ke shan waɗansu magunguna. Mikonazol da fulukonazol kuma sukan yi karo da maganin tsinka jini irin warfarin.

Annobar Sida a shekarun 1980 da 1990 ta ƙara bayyana wata matsala. Majinyatan da suka daɗe suna shan fulukonazol sun fara zuwa da funfunar da ba ta jin maganin, aka kuma ga yawaitar dangi irin su Candida glabrata mai taurin kai da Candida krusei wadda tun asali ba ta jin sa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfunar da ke bukatar kulawar gaggawa, ta sanya Candida albicans cikin rukuni mafi haɗari.

Dawowar haske

Ta ƙofar sankara haske ya dawo. A 1978 Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka ya buga sakamakon jinyar majinyata da dangin hematoforfirin da jan haske, aikin da ya kai ga amincewa da maganin Photofrin a Kanada a 1993. Kayan aiki ma sun canja. Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a 1960, Nick Holonyak ya samar da jan ƙwan LED a 1962, masanan Japan kuma suka samar da shuɗi a farkon shekarun 1990, abin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2014. Fitilar da a zamanin Finsen ke cika ɗaki ta koma abin riƙewa a hannu.

Rinin da aka fi komawa gare shi yana da nasa tarihin. Shuɗin metilen ba baba ba ne irin na marina, sinadari ne da Heinrich Caro ya haɗa a masana'antar rini ta Jamus a 1876 don rina tufafi. A 1891 Paul Ehrlich da Paul Guttmann suka yi wa masu masassarar cizon sauro magani da shi, a shekarun 2000 kuma aka sake gwada shi kan wannan cuta a Nuna ta Burkina Faso. Rini ne mai araha wanda likitoci suka daɗe da sanin halinsa.

A 1993 Michael Wilson da abokin aikinsa a cibiyar haƙori ta Eastman da ke Landan suka nuna cewa rini irin su shuɗin toluwidin da shuɗin metilen, tare da leza mara ƙarfi, na kashe Candida albicans a ɗakin gwaji. A 2002 wata ƙungiyar masu bincike a Amurka ta warkar da funfunar baki a jikin ɓeraye marasa garkuwar jiki ta wannan hanya. Gwaji a kan masu haƙoran roba kuwa ya fi ƙarfi a Barazil, musamman a makarantar haƙori ta Araraquara ta Jami'ar Jihar São Paulo, inda Ana Cláudia Pavarina da Ewerton Mima suka yi aiki. A 2012 suka buga gwajin da suka yi wa mutum 40. Rabi sun kurkura baki da nistatin sau huɗu a yini har kwana 15. Sauran rabin an fesa musu sinadarin Photogem a ganɗa da jikin farantin, aka bar shi minti 30, sannan aka haska da shuɗin ƙwan LED, sau uku a mako cikin waɗannan kwanaki. Hanyoyin biyu sun rage funfunar ƙwarai, kuma a kowane rukuni kimanin rabin majinyatan ne suka warke ko suka sami sauƙi a zahiri. A can ne kuma aka gwada kurkumin, sinadarin da ke ba gangamau launin rawaya, aka ga shi ma yana kashe funfunar idan shuɗin haske ya same shi.

Yadda aikin yake, da iyakarsa

Kowane rini yana da launin hasken da yake sha. Shuɗin metilen na bayyana shuɗi ne domin yana shanye jan haske, mai tsawon zango kimanin nanomita 660, shi ya sa da jar fitila ake haska shi. Kurkumin mai rawaya kuwa shuɗin haske yake sha. Idan rinin ya manne wa ƙwayar funfuna, haske ya same shi, sai ya ɗauki ƙarfin hasken ya miƙa wa oksijin da ke kusa. Oksijin ɗin kan rikiɗe ya zama mai ƙuna, ya huda fatar ƙwayar, ya lalata sassanta na ciki. Rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, tafiyarsa kuma gajeriya ce ƙwarai, saboda haka ɓarnar na tsayawa ne inda rinin yake. Maganin sha yakan kai hari wuri guda, ƙwayar ta koyi toshe wurin. Wannan kuwa yana kai hari wurare da yawa lokaci ɗaya, abin da ya sa masana ke ganin zai yi wa ƙwayar wuya ta koyi jure masa.

Iyakar hanyar ma daga waɗannan sharuɗɗa uku take fitowa. Inda rini bai shiga ba, ko haske bai kai ba, ko oksijin ya yi ƙaranci, kamar can ƙasan yauƙi mai kauri, ƙwayoyi na tsira. Da an kashe fitila kuma aikin ya ƙare, babu abin da ya rage yana gadin bakin. Shi ya sa a gwajin Araraquara da waɗanda suka biyo bayansa aka ga ciwon na dawowa ga waɗansu bayan ƴan makonni, kamar dai yadda yake dawowa bayan nistatin. Gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, kowane da irin rininsa da fitilarsa da tsawon lokacinsa, hanyar kuma na bukatar zuwa wurin likita sau da dama. Abin da za a iya faɗa bisa hujja shi ne haske na iya yin aiki kwatankwacin maganin da aka saba, kuma yana da amfani ga wanda magani ya daina yi masa aiki ko yake karo da waɗansu magungunansa.

Kammalawa

A ƙasashe masu yalwar rana kamar Nijar, mai jin wannan tarihi na iya zaton shanya haƙoran a rana ko shafa wani rini a gida zai wadatar. Labarin Raab ya nuna cewa sai an haɗa rinin da ya dace da hasken da ya dace bisa ma'auni, labarin Meyer-Betz kuma ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi ganganci. Zafi da bushewa ma na iya lanƙwasa farantin, ya daina zama daidai, ya ƙara gugar nama.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 23 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 60 sun rasa haƙoransu gaba ɗaya, don haka masu bukatar haƙoran roba ba ƙarewa za su yi ba. Batun kuma ya wuce jan ganɗa. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan tsofaffi ƴan shekara 85 zuwa sama a Tokiyo ya gano cewa masu kwana da haƙoran a baki sun ninka sauran haɗarin kamuwa da ciwon huhu mai tsanani. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, waɗanda ke da bakin magana a gidaje da majalisu, na iya isar da abin da binciken Davenport ya tabbatar tun 1970, wato farantin ne gidan funfuna. A cire haƙoran kowane dare, a goge su da burushi ciki da waje, a kwanar da su cikin ruwa mai tsabta, a kuma goge ganɗa da harshe. Jiƙa su cikin ruwan jabel da aka sirka na taimakawa, amma na ɗan lokaci kaɗan, bisa ma'aunin da likitan haƙori ya bayar, ban da haƙoran da ke da ƙarfe a jikinsu. Wanda ya ga ganɗarsa ta yi ja, ko farantinsa ya fara girgiɗi, ya je a duba shi, a kuma auna masa sukari. Ko da rini da fitila likita ya yi aiki, ko da nistatin, farantin da za a mayar bakin sai ya kasance mai tsabta kuma daidai da bakin mai shi.